Lafiyata ƙalau amma gwajin jini ya nuna wai zuciyata na cikin haɗari, ya abin yake ne?

Baban_Biyu:

Salam jama'a, don Allah masu sani ku taimaka min. Shekarata 41, ba hawan jini ba suga, ban taɓa shan taba ba, kawai dai na je an min gwajin jini na duba lafiya ne saboda madam ta matsa. Sakamako ya fito LDL (kolestarol marar kyau) 128, HDL (kolestarol mai kyau) 46, HbA1c (awon suga) 5.5, duk aka ce ba laifi, sai wani guda ɗaya wai shi hs-CRP ya nuna 4.2 kuma a jikin takardar an rubuta duk abin da ya haura 3 haɗarin ciwon zuciya ne babba. Wlh tun ranar ban yi barcin kirki ba, don mahaifinmu bugun zuciya ne ya yi ajalinsa yana ɗan shekara 52. To wai da gaske jini zai iya faɗa wa mutum mai lafiya cewa ciwon zuciya na tafe? Ko dai na tayar wa kaina da hankali ne a banza?

Mai_Lab:

Wslm Baban Biyu, Allah Ya ji ƙan Baba. Kafin komai, ranar da aka ɗebi jinin kana mura ko zazzaɓi ko ciwon haƙori, ko wani ƙurji? Don shi CRP ɗin nan hanta ce ke yin sa duk lokacin da akwai kumburi a jiki, kuma bai san zuciya ba bai san dasashi ba, ko'ina kumburin yake tashi zai yi. Ƙiba ma na ɗaga shi, ciwon gaɓɓai na ɗaga shi. Shi ya sa mu a wajen aiki ba ma son a yanke hukunci da awo ɗaya, ana so a maimaita bayan kamar sati biyu lokacin da mutum yake garau. Ƙasa da 1 shi ne ƙaramin haɗari, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 babba, in kuma ya wuce 10 to galibi wata cuta ce daban ake nema ba maganar jijiyoyin zuciya ba. Dalilin da ya sa ake duba shi kuwa, toshewar jijiya ba kitse ne kawai ke taruwa kamar datti a bututu ba, bangon jijiyar ne ke kumbura a hankali a hankali, ranar da wurin ya fashe jini ya daskare a kai shi ne bugun zuciya.

Baban_Biyu:

Kai malam kamar kana wurin. Ina fama da haƙori a satin, har kumatuna ya ɗan tasa.

Dan_Gaskiya77:

To ka gani. Ni fa gsky gwaje-gwajen nan da ake ta jibga wa masu lafiya ban yarda da rabinsu ba, a tsorata ka ne kawai ka yi ta zarya. An yi yayin wani sinadari wai shi homosistin, aka ce in ya yi yawa a jini zuciya na cikin haɗari, aka yi ta ba mutane bitamin B da folik asid, lambar ta sauka a takarda amma bugun zuciya bai ragu ba. HDL ma da ake kira kolestarol mai kyau, Pfizer ta yi magani torcetrapib da ke ɗaga shi sosai, a 2006 dole aka dakatar da gwajin saboda masu shan sa sun fi mutuwa. Kenan lamba ta yi kyau ba ita ce lafiya ba. Ka cire haƙorinka ka manta da zancen, ɗan'uwa.

Anti_Nas:

Dan Gaskiya misalanka daidai ne amma "ka manta da zancen" ɗin nan ne ban yarda da shi ba, kai ba ka ga abin da ya faɗa game da mahaifinsa ba ne? Ni duk cikin bayaninsa 52 ɗin nan ta fi 4.2 ɗaga min hankali. In uba ko ɗan'uwa namiji ya samu ciwon zuciya kafin 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65, likitoci na lissafa shi a matsayin abin da ke ƙara wa mutum haɗari, ko da kuwa sauran awonsa sun yi kyau.

Ƙanina bari in ɗan yi maka dogon bayani, ka yi haƙuri. Ba a duba gwaji ɗaya a ce wane zai kamu wane ba zai kamu ba, babu jinin da ke yin wannan duban. Abin da ake yi lissafi ne, a haɗa shekaru da jinsi da awon hawan jini da kolestarol da suga da shan taba sai a ce cikin mutum 100 irinka kusan nawa ne za su samu matsala nan da shekara 10. Asalin wannan tun binciken Framingham ne da aka fara a Amurka a 1948 da mutum dubu biyar da ɗoriya, ana bin su shekara da shekaru har 'ya'yansu da jikokinsu. Su CRP ƙari ne a kan wancan lissafin, sun fi amfani ga wanda ya faɗo a tsakiya, likita na waswasin a fara masa sitatin (maganin rage kolestarol) ko a dakata.

Kuma ba a banza aka sa shi ba. A 2008 an fitar da binciken JUPITER, mutum kusan 17,800 waɗanda LDL ɗinsu bai kai 130 ba amma CRP ya kai 2 ko fiye, wato dai kusan irin takardarka sai dai su sun girme ka, aka ba rabi wani sitatin mai suna rosuvastatin, matsalolin zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka ragu da kashi 44 cikin 100. Sai kuma a 2024 aka fitar da na mata kusan 28,000 da aka bi shekara 30, awo ɗaya na CRP da LDL da Lp(a), wani nau'in ƙwayar da ke ɗaukar kitse a jini, tun farko ya nuna su wa suka fi shiga haɗari daga baya.

Wannan Lp(a) ɗin shi nake so ka tambayi likitanka. Gado ne kusan gaba ɗaya, motsa jiki da kiyaye abinci ba sa wani taɓa shi, sitatin ma ba ya sauke shi, kuma ba ya fitowa a gwajin kolestarol na yau da kullum sai an nema takanas. Kusan mutum 1 cikin 5 a duniya nasa a sama yake bai sani ba. Daɗinsa sau ɗaya ake yi a rayuwa yawanci ya wadatar. In ya kai 50 mg/dL ko 125 nmol/L to an ɗauke shi ya yi yawa.

Dan_Gaskiya77:

Anti ai kamfanin da ke sayar da maganin ne ya ɗauki nauyin JUPITER ɗin, kuma an tsayar da shi tun bai cika shekara biyu ba a kan yawancinsu. Kashi 44 ɗin ma in kika duba, daga wajen mutum 14 cikin dubu a shekara ne ya koma wajen 8. Sannan Lp(a) da kika ce motsa jiki da abinci da sitatin ba sa sauke shi, meye amfanin sanin sa in ba ƙarin rashin barci ba?

Anti_Nas:

Eh haka ne, ban musa ba. Amma amfanin sanin shi ne sai a matsa wa abin da ake iya gyarawa, mai Lp(a) sama ba za a bar masa LDL 128 a ce ba komai ba, za a so ya sauka sosai, a sa ido kan hawan jini, kuma 'yan'uwansa ma su je a duba su tunda gida ɗaya suka gado. In har yanzu ana shakka akwai hoton CT da ke auna alli (kalsiyam) da ya taru a jijiyoyin zuciya, shi kam jijiyar kanta yake nunawa.

Mai_Lab:

Ƙari kaɗan, kar wani ya sa ka yin troponin don kawai duba lafiya, an fi yin sa ga wanda ya zo da ciwon ƙirji ana zargin bugun ya riga ya faru. Kuma in za ka maimaita ka tabbatar hs-CRP aka rubuta, CRP na gama-gari ba ya kama ƙananan lambobin nan da kyau.

Baban_Biyu:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka. Jibi zan je a duba haƙorin, in ya lafa da sati biyu sai in maimaita, in roƙi likita ya haɗa min da Lp(a) ɗin. Anti tambaya ɗaya, yayana shekararsa 47 kuma shi yana shan taba, shi ma gwajin zan tura shi ko maganar tabar zan fara yi masa? Don mutumin ba ya jin magana wlh.