Ziyarar tsoffin mishan na Sifaniyawa da kufan 'yan asalin Amurka: abin da aka tsayar

Mun tattauna kan ziyarar tsoffin mishan (wato cibiyoyin yaɗa Kiristanci da Sifaniyawa suka gina) da kufan 'yan asalin Amurka. Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto daga bakin jama'a.

1. Kusan kowa ya ce baƙo ya fara da San Antonio a jihar Texas. Mishan biyar ne har da Alamo, UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihin duniya a 2015. Da yawa sun fi son mishan ɗin San José, wai Alamo cunkoso ya yi mata yawa.

2. Chaco, kufan 'yan asalin Amurka a jihar New Mexico, hanyar zuwa can ta ƙasa ce. In an yi ruwa kada a kuskura. A cika tanki, a riƙe ruwa da guzuri. Waɗanda suka je sun ce Pueblo Bonito, babban tsohon ginin da ke can mai ɗakuna sama da 600, ya biya wahalar.

3. Kowane ɓallen tsohuwar tukunya aka gani a ƙasa, a bar shi inda yake. Doka ta hana ɗauka.

4. Acoma, a kan tsauni a New Mexico, gari ne mai mutane, ba kufai ba. Ba a hawa sai da ɗan jagoran garin, ba a ɗaukar hoto cikin coci ko maƙabarta.

A kan cocin Acoma ne aka rabu. Wasu kyan ginin suke yabo. Wasu suka ce tun 1629 da aka fara shi, tilasta wa mutanen garin aka yi su ɗauko gumagumai a kafaɗa daga Dutsen Taylor, don haka a karanta labarin tawayen da 'yan asalin yankin suka yi wa Sifaniyawa a 1680 kafin a je. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

Batun lokaci kuwa babu gardama: a guji watan Yuli, zafin ba wasa.