Neman shawara: in sa na'urar jawo ɗumin ƙasa a madadin boilar gas?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Inda nake zaune hunturu na da tsanani, kuma boilar gas ɗin (na'urar dafa ruwa) da ke ɗumama mana gida ta tsufa, kullum sai gyara. An ba ni shawarar in sa na'urar nan mai jawo ɗumi daga cikin ƙasa, wai ta fi rage hayaƙin kabon. Gidan tsohon gini ne, filin bayansa kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da ya ɗaure min kai, ƙasar da ƙanƙara ta lulluɓe, ina ta samo zafin da za ta ba ni? Masu sani ku taimaka.

Wani mai aikin haɗa na'urorin: Wa alaikumus salam Malam. Saman ƙasa ne kawai ke daskarewa. Idan aka nutsa 'yan mitoci, a yankunan sanyi ɗumin yana tsayawa kusa da digiri 10, rani da hunturu. Ana binne bututun roba mai ɗauke da ruwa da sinadarin hana daskarewa, ruwan ya zagaya ya kwaso ɗumin nan, sai kwampireso, wato injin matsa iskar gas irin na firij, ya ɗaga shi har ya isa ɗumama ɗaki. Taɓa bayan firij ɗinka ka ji zafi: aikin ke nan, sai dai a nan ƙasa ake sanyayawa, gida ya samu zafin. Kilowat 1 na lantarki kan ba da kamar 3 zuwa 4 na ɗumi.

Tunda filinka ƙarami ne, manta da shimfiɗa bututu a kwance. Wannan ana binne shi ne a zurfin mita 1 zuwa 2, kuma yakan ci fili ninki biyu ko fiye na faɗin gidan. Rijiyar burtsatse za a haƙa maka, galibi ta haura mita 100. A Suwidin abin ya zama ruwan dare. Amma fa ka tabbata motar haƙa za ta iya shiga bayan gidan.

Wata mai amfani da ita: Ɗan uwa, tsufan ginin nan ya fi damuna. Boila na tura ruwa mai digiri 60 zuwa 70, ita kuwa wannan ta fi jin daɗin aiki a 35 zuwa 45. In tagoginka na shigo da iska, rufin kuma ba abin tare zafi, za ta yi ta wahala tana shan wuta. Ni sai da na gyara rufi na canza radiyeta, wato ƙarafunan da ruwan zafi ke bi su ɗumama ɗaki, zuwa manya, sannan na ga amfaninta. Kuma ba a kunna ta a kashe kamar boila, barinta ake yi tana aiki a hankali.

Wani kuma: Maganar kabon ta danganta da inda wutarku ke fitowa. In daga kwal ne, ragin ba zai kai yadda ake zuzutawa ba. Ka kuma kwatanta kuɗin lantarki da na gas, in lantarki ya ninka gas sau huɗu, da wuya ka ga rara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wani mai haɗa na'urar ya ce zai rage zurfin rijiyar don kuɗin ya sauka, in yarda?

Mai aikin haɗawa: Kada ka kuskura. In bututu ya gaza, za a riƙa kwasar ɗumi fiye da yadda ƙasar ke mayarwa, ta yi ta sanyi shekara bayan shekara har ta daskare a kewayensa. Ka ce ya fara auna zafin da kowane ɗaki ke zubarwa, ya duba irin ƙasar wurin, don mai damshi ta fi busasshen yashi ba da ɗumi, sannan ya ba ka lissafin a rubuce.