Zan kai Hajiya bakin teku a Gana: ina ake cin kifi mai kyau?

Baƙo daga Kano: Assalamu alaikum jama'a. Bikin ɗan kawunmu zai kawo mu unguwar Nima da ke Akra a watan Agusta in Allah ya yarda, ni da Hajiyarmu da maiɗakina. Hajiya ta ce tunda ƙafa za ta kai ta bakin teku, sai ta ci kifin da aka kamo a ranar, don ta gaji da bandar Baga da kifin ƙanƙara na kwali. Ina neman wuri mai tsafta, mai kujerar zama saboda gwiwarta, wanda kiɗa ba zai hana mu jin maganar juna ba. Ko cikin Akra, ko a hanyar Cape Coast, duk za mu iya zuwa. A taimaka mana da shawara.

Ɗan Nima: Wa alaikumus salam, maraba da mutanen Kano. Bari in riga 'yan biki magana. Kana cewa kifi za su ja ka unguwar Osu ko East Legon a gasa maka karfasa, a haɗo da banku, wato tuwon ƙullun masara mai tsami, da barkono. Akwai daɗi, ban musa ba. Amma karfasar nan ba ta taɓa ganin teku ba, yawancinta a keji ake kiwonta a tafkin Volta, can wajen Akosombo. Wanda ya baro dam ɗin Tiga bai zo Gana don karfasa ba. Ka nemi jan kifi, ko wanda suke kira kasaba, ko barakuda, ko tuna. Jan kifi shi na fi zaɓa wa dattijai: tsoka fara, ƙaya manya masu sauƙin cirewa, ƙarni kaɗan.

Hajiya ta Sabon Zango: Ɗana, kafin ka zaɓi wuri, ka zaɓi rana. Masunta a gaɓar nan ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni, daga Jamestown har Elmina. Duk wanda ya ce maka kifin yau ne ranar Talata, na jiya ne da ya kwana a ƙanƙara. Ku je daga Alhamis zuwa Asabar, hankalinka kwance. Kuma kun yi sa'ar wata. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa kan yi sanyi, ƙananan kifin nan amane su cika gari, har a daina auna su a hankali. A 'yan shekarun nan gwamnati kan rufe teku a Yuli don kifi ya hayayyafa, manyan jiragen kamun kifi kuwa har ƙarshen Agusta, amma kwale-kwale a Agusta suna ruwa. Ka gaishe min da Hajiya.

Baƙo daga Kano: Za ta ji, Hajiya, na gode. Da ban tambaya ba da Talatar ma na sa, don ita ce ranar da babu hidimar biki.

Alhaji na Tema: Ku zo Tema ku huta da wahala. Tashar masunta mafi girma a ƙasar nan tana nan, nan jiragen tuna suke sauke kaya, nan masana'antar kifin gwangwani take. Abin da nake yi wa baƙina: bayan asuba mu shiga kasuwar tashar, su zaɓi kifi da idonsu, a kankare a yanka a wurin, mu kawo gida uwargida ta gasa. Kuɗin faranti ɗaya a otal zai ciyar da ku ukun har a rage wa maƙwabta.

Uwar 'yan biyu: Alhaji, mutum ya ce mahaifiyarsa na fama da gwiwa, kai kuma za ka shigar da ita kasuwar da ƙasa ke jiƙe sharkaf, ga masu dako suna gudu da baho a ka. A bar tsohuwa ta zauna a inuwa ta kalli ruwa a kawo mata. Ai kallon ma rabin tafiyar ne.

Alhaji na Tema: To, na sallama. Shi ya zo kasuwa, ita ta jira a mota.

Malamin Kotokuraba: Ni ina zaune a zangon Cape Coast, kuma shawarata ita ce ku ba Elmina wuni guda. Daga Akra wajen kilomita 150 ne zuwa wurinmu, Elmina kuma ɗan gaba kaɗan. Ku fito da an sallame asuba, domin cunkoson garin Kasoa da ke kan hanya ba ya jin lallami. Wanda ya makara sai ya yi azahar a hanya. In kun iso, ku tsaya a kan gadar da ta ƙetare bakin tafkin Benya, daidai gindin tsohuwar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Daga nan Hajiya za ta ga kwale-kwale suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tutocinsa da rubutun da aka yi masa a gefe, mata kuma na jira da manyan tasoshi a ka. Kasuwar kifin tana nan kusa, amma kallo daga gada ya isa.

Abincin kuwa, ku nemi fante-fante. Ɗanyen kifi ne ake dafawa cikin manja da tumatir da albasa da barkono, ba a soya shi tukuna, shi ya sa tsohon kifi ba ya iya ɓuya a cikinta. In kifin ya kwana biyu, tsokar za ta dagargaje a miya, hanci ma zai gaya muku. A ci da dokunun Fante, wato dafaffen ƙullun masara na ƙabilar Fante ta nan yankin, wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, ba irin na mutanen Ga na Akra mai ɓawon masara ba. Na Fante gishiri kaɗan ko babu, tsaminsa kuma ya fi zurfi. A Yamoransa, kafin ku shigo gari, za ku gan shi jibge a bakin titi cikin shuɗiyar leda. Ku saya na tsaraba, yana kwanaki bai lalace ba.

Wurin zama mai kujera da banɗaki: gidajen abincin otal-otal na bakin ruwa tsakanin Elmina da Cape Coast, ko waɗanda ke gefen ganuwar Cape Coast. Da rana shiru ne. Kiɗa da masu shaye-shaye sai yamma ta yi, ku kuwa kun kama hanya.

Maiɗakin baƙo: Malam, tambaya gare ni. Hajiya ta ga hoton ƙaguwa da jatan lande a faranti ta ce ita ba ta cin ƙwari. Har ta fara tambaya ko halal ne.

Malamin Kotokuraba: Halal ne, 'yata. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo a teku, kuma a Muwaɗɗa akwai hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi babu matsala. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. Amma halal daban, so daban, kar a matsa mata. Abin da ya fi cancanta ku tambaya shi ne yadda aka dafa. A gidajen abinci na Turawa wani lokaci sukan zuba giya a romon jatan lande. Ku ce a gasa kawai, a kawo lemun tsami da barkono a gefe.

Ɗan Nima: Ƙari kan maganar Malam, ku kalli wayar gashi. A kasuwar dare ta Osu akwai soyayyen kifi da dokunu masu daɗin gaske, amma wasu rumfunan naman alade suke sayarwa. Ka tsaya wurin wadda kifi kaɗai take yi, ka duba kaskonta. Ba abin kunya ba ne, sun saba da mutanen zango.

Uwar 'yan biyu: Ni kashedi zan yi a kan kuɗi. Mun taɓa zama a wani wuri a bakin ruwa yamma da Akra, ba zan kama suna ba. Yaro ya kawo mana manyan jatan lande masu ƙahoni a faranti, da ransu suna motsi, yara suka yi ta murna, maigida ya ce a gasa. Ba wanda ya tambayi nawa. Ashe da sikeli ake sayarwa, kuma babu wanda ya ga an auna. Da takarda ta zo, ga kuɗin kaya, ga haraji layi-layi a ƙasa, na VAT da na inshorar lafiya da na ilimi da na yawon buɗe ido. Harajin na gwamnati ne, ba laifinsu ba. Amma nauyin da suka rubuta, Allah kaɗai ya san gaskiyarsa, tunda mun riga mun cinye shaidar. Duk abin da ba a rubuta farashinsa ba, a auna a gabanka, a faɗi jimla har da haraji, sannan a ɗora a wuta.

Direban Takoradi: Gaskiya ne. Kuma ku taya, ba a jin haushi. In kuna da ƙarfin ƙara gaba, Takoradi akwai gidan abinci na Captain Hook's, ya daɗe da suna wajen kayan teku, Sekondi kuma akwai tashar masunta. Gaba kaɗan Dixcove da Busua, can ne manyan jatan landen nan suka fi araha don a nan ake kamo su. Amma da tsohuwa, ban ba ku shawarar zuwa ku dawo rana ɗaya ba.

Hajiya ta Sabon Zango: Tunda za a zaɓa da ido, ga yadda ake dubawa. Idon kifi ya zama tar, a kumbure, ba wanda ya faɗa ciki ya yi hazo ba. Ɗaga murfin da ke gefen kansa: ciki ya zama ja, in ya koma ruwan ƙasa ka ajiye. Danna tsokar da yatsa, in ramin ya tsaya bai taso ba, ka yi gaba. In kun ga ƙananan kifi a daskare, an matse su sun zama faifai guda, wannan kayan saiko ne, wanda manyan jirage ke sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku ba bisa ƙa'ida ba. Shi ne ke kashe wa masuntanmu sana'a, ni ba na saye. Kar kuma arha ta ruɗe ku. A watan Afrilun 2021 matattun kifi sun yi ta fitowa a gaɓar Osu, wasu suka kwasa, sai da hukumar abinci da magunguna ta yi ta gargaɗi.

Ma'aikaciyar jinya: Abu ɗaya ba a faɗa ba. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, bai san yadda jikinsa zai karɓa ba. Wasu borin jini yake taso musu, leɓe ya kumbura. In numfashi ya fara wuya, asibiti kai tsaye, ba jira. Kuma shito, baƙin yajin nan da ake sa wa a gefen kowane faranti, da garin busasshen jatan lande da kifi ake soya shi. Hajiya ta fara lakata kaɗan a gida a Nima, inda asibiti ke kusa, kafin ku yi nisa. Sannan kar kowa ya shiga ruwa don hoto. Igiyar tekun nan tana ja ta ƙasa, a Agusta kuma ta fi ƙarfi.

Baƙo daga Kano: Allah ya saka da alheri. Abin da na tsara: Alhamis Elmina, fante-fante da jan kifi, mu tsaya Yamoransa a dawowa. Juma'a mu yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, Hajiya na son ganinsa. Saura tsaraba: akwai bandar da za ta kai Kano ba ta yi wari ba?

Hajiya ta Sabon Zango: Chorkor, nan kusa da mu, can matan banda suke. Ka ce a ba ka amane wanda ya bushe ƙarau, irin na ajiya, ba mai laushi na miyar yau ba. A naɗe a takarda, a sa a kwali, kar a ɗaure a leda, gumi zai sa ya yi fumfuna. In kun sauka ka yi min magana, zan haɗa maiɗakinka da 'yata su je tare, don in suka ji Hausarka ta Kano farashi zai tashi.

Alhaji na Tema: Asabar fa? Na ga ba a ba kowa ba. Ka zo da kanka ƙarfe shida, ka sa takalmin roba.