Baba ya ce mai zufa a gona ba ya ciwon zuciya

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina manomi ne, shekarunsa 58. An auna jininsa ya kai 158/96, amma ya kafe cewa wanda ke wuni yana zufa a gona ba ruwansa da ciwon zuciya. Yana shan taba, kuma kusan kullum sai ya haɗiyi maganin ciwon jiki kafin ya kwanta. Ta ina za mu fara?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Awo ɗaya ba ya isa. Ku auna safe da yamma har mako guda, kuna rubutawa. Ya huta minti 5 a zaune, bayansa a jingine, hannu bisa tebur daidai ƙirji, kuma kada ya sha taba minti 30 kafin nan. Ku lura da abin da ake naɗawa a damtse: damtsen manomi kan yi kauri, in ya matse shi lambar za ta haura ta gaskiya. Muddin tana kai 140/90, ku kai takardar wurin likita.

Mai harhaɗa magunguna: Ɗan'uwa, ni maganin daren nan ne ya fi tayar mini da hankali. Duba kwalin. In diclofenac ne ko ibuprofen, suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Mutumin da ya wuni cikin rana jikinsa ya bushe, ya zo ya ɗora su a kai, ƙoda ce ke shan wuya, ita kuwa ƙoda in ta taɓu hawan jinin ƙaruwa yake. Paracetamol ya fi sauƙin illa. Ya riƙa kurɓar ruwa a bakin aiki, ba sai ƙishirwa ta kama shi ba. In an ɗora shi kan maganin hawan jini, kada ya daina don ya ji garau.

Likita: Aikin gona ba ya wanke illar taba, amma shekara guda da barinta haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya kan ragu da kusan rabi. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin sinadarin ɗanɗano irin su magi. Bayan girbi kuma kada ya zauna, ya yi tafiyar sauri minti 30, kwana biyar a mako. In ya ji nauyi a ƙirji yana gangarowa hannu ko muƙamuƙi, ga zufa mai sanyi, ya ajiye aiki nan take, ku garzaya da shi asibiti.