Yunwar da ba ta yankewa: masu rainon mai lalurar Prader-Willi, yaya kuka yi da maganar kwaɗo?

Maman yarinya 'yar shekara 3:
Assalamu alaikum iyaye. Tun 'yata tana wata biyar gwajin jini ya tabbatar tana da lalurar Prader-Willi. Da aka haife ta jikinta a sake yake kamar tsumma, kukanta ba ya fita, nono ma ta kasa ja, sai ta siririn tiyo aka riƙa ba ta madara ta hanci. Na daɗe ina roƙon Allah ta ci. Yanzu ga shi ta fara ƙiba ba tare da na ƙara mata komai ba, duk inda na nufa da kwano idonta na kai. Likita ya ce lokaci na zuwa da sai na sa wa kicin kwaɗo. Zuciyata ta ƙi. Uwa ta kulle wa 'yarta abinci? Waɗanda suka riga ni, don Allah ku faɗa mini yadda kuka yi.

Maman yaro ɗan shekara 11:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ni ma haka na ce, na yi ta jan ƙafa har ya kai shekara 6. Wani dare na farka na same shi tsugune gaban kwandon shara yana tsintar abin da muka zubar. Da ya gan ni sai ya fashe da kuka, ni ma na zauna a ƙasa muka yi tare. Washegari na sa kwaɗo a firji da ƙofar kicin.

Abin da ban zata ba, yaron sai ya samu natsuwa. A da yini yake yi yana lissafin yadda zai kai ga abinci, yana leƙe, yana ƙarya, in an kama shi a yi rigima. Da ya gane ƙofa a rufe take kuma ba ta buɗuwa da magiya, sai ya saki ransa ya koma wasa. Amma kwaɗo shi kaɗai zalunci ne in ba ki haɗa da alkawari ba. Mun manna takarda a bango, ga lokacin karin kumallo, ga na rana, ga na dare, ga abin da za a ci. Ba na latti, ba na canjawa sai na sanar da shi tun da wuri. Ba na yi masa tukwici da abinci, ba na horon sa da hana shi. Har yanzu yakan tambaye ni sau goma me za a ci anjima, sai in nuna masa bango.

Baban matashi ɗan shekara 17:
Hajiya, ki cire wa kanki cewa kwaɗayi ne ko rashin tarbiyya. Matsalar tana kan kuromosom na 15, ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado da ke jikin mutum, wani yanki da ake gada daga uba ne ba ya aiki. A kusan kashi 70 cikin 100 na masu lalurar, yankin ne ya ɓace, wasu kuma kwafi biyu suka samu daga uwa. Ba laifin kowa a cikinku. Wurin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai faɗa wa mutum ya ƙoshi, haifotalamas, shi ne ba ya isar da saƙon. Ga shi jikinsu ƙarancin tsoka gare shi, abincin da zai ishi sa'anta ita ƙiba zai sa ta. Tun 1956 likitoci uku a Suwizalan, Prader da Labhart da Willi, suka bayyana lalurar, amma har gobe za ki shiga asibiti ki tarar ba a taɓa jin sunanta ba.

Shi ya sa nake yawo da takarda a aljihu. Yaran nan ba su cika jin zafin ciwo ba, ba su cika amai ba, zazzaɓi ma yakan ƙi nunawa ko da cuta ta yi tsanani. Ranar da nawa ya ture abinci ya ce ba ya ci, cikinsa a kumbure, ban tsaya ba. A asibiti aka ce mu koma gida tunda ba ya kuka. Na ƙi tafiya sai da aka ɗauki hoto, aka tarar tumbinsa ya buɗe fiye da kima. In mai wannan lalura ya ƙi abinci ko ya yi amai, asibiti kai tsaye.

Yayar mai lalurar:
Ni ta ɓangarenmu zan yi magana. Na taso ina cin abu a ɓoye a ɗaki kamar ɓarauniya, saboda kada ƙanwata ta gani. Na yi fushi da ita shekaru, ina kuma jin kunyar fushin. Anti, in kina da wasu yaran, ki riƙa fita da su su kaɗai lokaci-lokaci, kuma kada ki mai da su masu gadinta.

Kakar yaro ɗan shekara 8:
'Yata, ni ce mai ba jikana a bayan idon uwarsa. In ya ce Kaka yunwa, hanjina kaɗawa yake. Sai da aka tafi da ni wurin likita na ji da kunnena yadda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci saboda ƙiba. Ki ja manyan gidanku ku je tare, daga bakinki ba za su yarda ba. Yanzu in ya zo wasan haɗa hotuna muke yi, ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

Maman yaro ɗan shekara 11:
Na manta, ki tambayi likita batun allurar sinadarin girma. Amurka ta amince da ita ga masu lalurar tun 2000. Nawa ta ƙara masa tsayi da ƙarfin jiki, yunwar dai tana nan. An yi masa gwajin barci kafin a fara, kuma ana duba ƙashin bayansa saboda karkacewa.

Maman yarinya 'yar shekara 3:
Allah ya saka da alheri, na karanta ina hawaye. Yau zan rubuta takardar bango, kwaɗon kuma zan sa tun kafin ta yi wayon tuna lokacin da babu shi. Kaka, ranar asibiti mai zuwa da surukata za mu je. Waɗanda nasu suka shiga makaranta, yaya kuka yi da abincin sauran yara lokacin tara?