Neman kalma: me za mu ce da "bluing" da "reblue" a bayanin tsohuwar ƙaramar bindiga?

Tafinta:
Assalamu alaikum. Malamai, ga wata matsala da ke ci wa masu fassara rahoton kayan shaida a kotu da masu rubuta bayanin kayan tarihi tuwo a ƙwarya. Idan aka ajiye tsohuwar ƙaramar bindiga gaban masani, libarba ce ko fistol, tambaya biyu ake yi masa: yaushe aka ƙera ta, kuma baƙin da ke jikinta na masana'anta ne ko daga baya aka sake shi. Bature yana kiran baƙin nan "bluing", sake shi kuma "reblue". Mu kuwa sai mu rubuta "an yi mata fenti" ko "an gyara ta", kuma duka biyun ba su kwanta mini ba. Kada wani ya ɗauka zancen ciniki ake. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin sahun haramtattun makamai, farar hula ba ya riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Kalmar da za ta shiga takarda nake nema.

Ma'ajin Makamai:
Wa alaikumus salam. Malam Tafinta, fenti kam a cire shi daga lissafi. Fenti abu ne da ake shafawa a kan ƙarfe, shi kuwa wannan baƙin fatar ƙarfen ce da kanta aka mayar da ita wata irin tsatsa baƙa mai kama jiki, wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Hanyoyin masana'anta biyu ne manya. Ta zamani, a dafa ƙarfen cikin ruwan soda mai ƙuna da aka haɗa da gishirin naitiret, yana tafasa a zafin digiri 135 zuwa 155, cikin rabin awa ko ƙasa da haka ya fito baƙi ƙirin. Tsohuwar hanya kuma a shafa ruwan asid mai rauni, a rataye ƙarfen a wuri mai laima ya yi jar tsatsa, a tafasa shi cikin tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, jar ta koma baƙa, a kakkaɓe garin da buroshin waya mai laushi, sannan a sake daga farko. Ana iya zagayawa sau shida, sau goma.

Dalili na biyu: muna bukatar kalmar fenti a wani wurin. Sojan Ingila ya riƙa fesa wa bindigoginsa baƙin fenti na gaske mai suna Suncorite idan an kai su gyara. In muka kira duka fenti, da me za mu raba su?

Ɗan Ƙofar Mata:
Yallaɓai, abin da ka zana yanzu ai aikin karofi ne. Zane yakan fito daga rijiyar baba da launin kore-kore, sai ya sha iska yake komawa shuɗi, a sake tsomawa, a sake ɗagawa, har ya yi duhun da ake so. Iskar da ke juya baba ita ce ke juya ƙarfen nan. Ni dai na kawo turi. Turin ƙarfe. Baƙin da ta zo da shi daga masana'anta a ce turin asali, wanda aka sake a ce turi na biyu. Bahaushe ya riga ya san rigar da ta koɗe aka mayar da ita marina, kuma ya san ba ta zama sabuwa.

Tafinta:
Me ya sa ba rini ba? Yaran yanzu sun fi saninsa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Rini ya yi faɗi, Malam. Ja ma rini ne, rawaya ma rini ce. Turi kuwa hankali na tafiya kai tsaye ga shuɗin da ya yi duhu har ya doshi baƙi, kuma launin da ake magana ke nan.

Baba Maƙeri:
Yarona, kalmarka ta yi daɗi, amma akwai inda ta gaza. Zanen da aka mayar marina ba a rage masa zare. Ƙarfe kuwa ba ya karɓar turi na biyu sai an kankare tsohon, an bi shi da samfefa da injin goge har ya yi fari, kuma duk guga cin ƙarfe ce. Nan asirin yake tonuwa, don haka wanda zai rubuta "turi na biyu" ya san abin da zai duba.

Kafin komai a buɗe ta, a tabbata ba harsashi a ciki, a cire gidan harsashi in fistol ce, a leƙa ɗakin da harsashi ke kwanciya da ido. Sannan a sami gilashin ƙara girma mai ninki goma da tocila, a haska daga gefe, hasken ya kwanta a kan ƙarfen. Hasken da ya faɗo daga sama ɓoye aibi yake yi.

A fara da rubutu. Lokacin da aka buga harafi a ƙarfe, naman ƙarfen yakan ɗan tasa a bakin harafin kamar kunya a gona. Injin goge yana share wannan tudun, ya bar harafin da baki a kwance, wani gefen da zurfi, wani gefen ya kusa ɓacewa, wani lokaci har da jela ta bin inda injin ya ja. Sai ramukan kusoshi masu zare: na asali bakinsu a tsaye yake, mai kaifi, wanda aka goge kuwa sai ka ga ya lotsa kamar bakin ƙoƙo, domin ƙyallen injin yana nutsewa cikin ramin ya ci gefensa. Kusurwoyi ma haka, inda ya kamata farce ya ji kaifi sai ya ji santsi. A libarbar Smith & Wesson akwai murfin gefe da aka goge tare da jikin bindigar a masana'anta, layin haɗinsu siriri kamar gashi. In ka ga layin ya buɗe ya zama kwari, an goge su daban-daban. Kawunan fil-fil da ke leƙowa ta gefen hagu a mulmule suke, in sun baje sun yi daidai da jiki, an bi ta kansu.

Babbar shaida ita ce ramukan da tsatsa ta ci. Ramin da ke da ja ko ruwan ƙasa a cikinsa, bayan turi ya samu. Ramin da cikinsa baƙi ne sumul irin na kewayensa, to ya riga turin zuwa, kuma masana'anta ba ta tura ƙarfe mai rami. A cire marfin ƙota a duba ƙarƙashinsa, don nan gumin hannu ke taruwa, nan kuma mai goge ke yin kasala.

Malama Mai Adana Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ramukan nan ina ganin zanzana ce sunansu, kamar tabon da agana ke bari a fuska. "Zanzana a ƙarƙashin turi" jimla ce da alƙali zai gane ba sai an yi masa ƙarin bayani ba.

Bari in taɓo ɓangaren shekaru, don nan aka fi yin kuskure. Bindiga ɗaya tana iya ɗaukar alamun shekara iri uku a jikinta, kowace da ma'anarta, kuma kalma ɗaya ba za ta ɗauke su ba.

Akwai lambar da masana'anta ta ba ta, na fi son mu ce lambar ƙira. A Smith & Wesson tana gindin ƙota. Lambobin da ake gani idan an buɗe tulun harsashi, a tsofaffin, galibi na haɗa sassa ne a cikin masana'anta, ba su faɗin shekara. Lambar samfuri a wannan wurin sai daga 1957 aka fara buga ta, saboda haka ganinta ya nuna bindigar ba ta girmi wannan shekarar ba. Fistol ƙirar Browning Hi-Power ta kamfanin FN na Beljiyam ta fito a 1935. Wadda maƙatar zaro kwanso take a waje, ana ganinta a gefe, daga 1962 ne zuwa sama. Daga 1976 suka sa shekara cikin lambar da haruffa biyu: Z ɗaya, Y biyu, X uku, W huɗu, V biyar, T shida, R bakwai, P takwas, N tara, M sifili. RT ke nan 1976, PZ kuma 1981.

Sai alamar gidan gwaji, inda ake harba bindiga da harsashi mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida a ga ko za ta jure. Gidan gwajin Landan tun 1637 yake, na Birmingham 1813. Na Liège a Beljiyam alamarsa ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, da kambi a kai tun 1893. Jamus ta koma mikiya bisa harafin N da dokar 1939, kafin nan kambi ne bisa N. Bayan yaƙin duniya na biyu gidan gwajin Ulm na Jamus yana buga ƙahon barewa, shekara kuma da lamba biyu, daga baya da haruffa, A sifili har K tara. Italiya ta yi ta ƙirga da lambobin Rumawa daga 1945, ta koma haruffa a 1975 da AA.

Abin lura shi ne wannan alamar ranar gwaji take faɗa. Webley Mark VI da sojan Ingila ya karɓa a 1915 za ka gan ta da shekarar ƙira a jiki, misali 1917, da kibiyar gwamnati, sannan ga kambi bisa BNP, alamar gidan gwajin Birmingham da ta zo da dokokin gwaji na 1954. Ba saɓani a nan. An ƙera ta lokacin yaƙin duniya na farko, aka gwada ta sa'ad da soja ya sallame ta ga 'yan kasuwa shekaru kusan arba'in daga baya. Wanda ya karanta BNP a matsayin haihuwa ya rage mata shekaru.

Tafinta:
To alamar gidan gwajin, tambari za mu ce ko hatimi?

Malama Mai Adana Tarihi:
Hatimin gwaji, Malam. Tambari a bar wa kamfani, kamar dokin Colt. Hatimi hukuma ke bugawa ta ce ta duba ta amince.

Ma'ajin Makamai:
Na yarda da Malama. Shekara ta uku, wadda ba ta kai ga faɗa ba, ita ce ta babban gyara, kuma muna da kalmarsa tuntuni: garambawul. Ingila ta riƙa rubuta FTR da shekara a jikin wadda aka wargaje aka sake haɗawa. Amurka ta riƙa buga haruffan ma'aikatar da ta yi aikin, AA na Augusta, RIA na Rock Island. Smith & Wesson a da tana sa tauraro kusa da lambar ƙira, da wata da shekara a ƙarƙashin marfin ƙota, ga bindigar da aka mayar mata gyara. Irin wannan turi na biyu ne, amma na hukuma ko na masana'anta, yana da shaida, kuma a rahoto dole a bambanta shi da na bakin kasuwa.

Wani abin dubawa shi ne ko launin kowane sashe ya dace da zamaninsa. Fistol ƙirar Luger ta Jamus kafin 1937 da tsohuwar hanya aka tura ta, cikin jikinta fari aka bar shi, kunama da 'yan ƙananan sassa kuma launin kara suke, ruwan zinariya-zinariya. In ka sami mai shekarar 1916 baƙa ciki da waje har kunama, tsoma ta aka yi a tukunyar soda daga baya. Kunama da guduma na tsohuwar Smith & Wesson dabbare-dabbare suke, toka da shuɗi da ruwan ƙasa, saboda taurin da aka ba fatarsu da wuta. In sun zama baƙi ɗaya da jiki, ko sun sha ruwan nikel, ba aikin masana'anta ba ne. Ruwan nikel da ke ɓarewa jan tagulla na leƙowa ƙarƙashinsa shi ma abin zargi ne a wannan kamfanin.

Gargaɗi ɗaya: sashen da ya juya ya yi ja-ja kamar ruwan zoɓo ba hujja ba ce ita kaɗai. Yakan faru in zafin tukunya ya kauce, amma ƙarfe mai tauri ko na zubi yana yin haka da tsufa ko da turin asali ne.

Baba Maƙeri:
Ku ƙara da wannan. Turin asali yana koɗewa inda hankali zai ɗauka: bakin bindiga ta gefe biyu inda kube ke gugarsa, kaifin kusurwoyi, bayan ƙota inda tafin hannu ke zama, da siririn zoben da ke kewaye tulun libarba. Bindigar da cikin bututunta ya cinye, marfin ƙotarta ya sha hannu har zanensa ya shafe, amma jikinta na walƙiya ba koɗewa ko ɗaya, riga ce sabuwa a jikin tsoho.

Akwai kuma ruwan kwalba da ake shafawa da auduga ba tare da wuta ba, mai sinadarin seleniyam da tagulla. Wannan kada ku ba shi sunan turi. Launinsa toka-toka ne mai gajimare, in ka murza da yatsa ka sansana za ka ji ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ƙyalle mai mai yana rage shi. An fi samunsa a bakin bindiga da kusurwoyi, inda ake son rufe koɗewa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Wannan ai kwaskwarima ce, Baba. Ko a ce turin shafe, in ana son a nuna yadda aka yi shi.

Tafinta:
Kwaskwarima ta fi, don ta nuna abin sama-sama ne. Bari in gwada su a jimla, ku gyara mini: "Libarba ƙirar Webley Mark VI, shekarar ƙira 1917, da hatimin gwajin Birmingham na bayan 1954. Turin jikinta na biyu ne: rubutun gefen hagu ya kwanta, ramukan kusoshi sun lotsa, akwai zanzana a ƙarƙashin turi a gindin ƙota. Babu alamar garambawul na hukuma. An yi wa bakinta kwaskwarima."

Malama Mai Adana Tarihi:
Ta zauna. Sai dai a karon farko a kowace takarda a rubuta "turin ƙarfe, wato baƙar tsatsar kariya", saboda wanda bai taɓa jin kalmar a wajen marina ba.

Ma'ajin Makamai:
Saura ɗaya da turi ba zai ɗauka ba. Colt 1911 ta yaƙin duniya na farko da turi ta fito, amma daga wajen 1941 sojan Amurka ya koma abin da suke kira "parkerizing", ana dafa ƙarfen cikin ruwan fosfet mai manganis ko zinki a ƙasa da zafin tafasar ruwa. Yana fitowa toka ko toka mai kore-kore, ba ƙyalli, da ɗan kaushi mai shan mai. Shi ya sa 1911 mai lambar ƙira ta 1918 da ke sanye da wannan tokar kusan kullum ta sha garambawul, sai a nemi haruffan ma'aikata a gefen jikinta. Ba shuɗi ba ne, don haka turi bai hau ba. Na yi tunanin "dahuwar toka", amma ina tsoron mai karatu ya ɗauka da tokar murhu ake yi.

Baba Maƙeri:
Zai ɗauka kuwa. Ku ce rufin fosfet a takarda tukuna. Ɗan Ƙofar Mata, ka tambayo mana dattawan karofi abin da suke ce wa zanen da ya fito ba sheƙi kafin a kai shi mabuga, wataƙila kalmar tana can.