Me ya sa yadin zaren roba yake karkacewa bayan wanki?

Mai Injin Saƙa:
Assalamu alaikum. Ina da injin saƙa mai zagaye a Kano, ina saƙa yadin rigunan wasanni na 'yan makaranta da zaren foliyesta. A wannan karon, da aka ɗinka rigunan aka wanke su, sai ɗinkin gefe ya murɗe ya dawo saitin ciki, har wata makaranta ta dawo mini da kayan. A jikin kwalin zaren an rubuta DTY 150/48 da harafin Z. Laifin injina ne, ko na zaren?

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Wa'alaikumus salam, Malam. Injinka bai yi laifi ba. Lambar 150 tana nufin cewa mita 9,000 na zaren nauyinsa giram 150 ne, 48 kuwa yawan siraran silin da aka haɗa a cikinsa ne. Foliyesta tana fitowa daga masana'anta sumul kamar zaren fatsa, ba laushi ba kauri, don haka sai a saka ta a injin da zai ja ta, ya murɗa ta sosai, ya gasa ta da zafin da ya kai kusan digiri 200, ya sanyaya ta, sannan ya warware murɗin nan take; zaren da aka yi wa wannan aiki shi ake kira DTY. Tufka da warwara ke nan, sai dai wannan tana da riba, domin kowane sili yana riƙe lanƙwasar da wuta ta dasa masa, zaren ya yi taushi kuma ya riƙa talewa. Matsalar ita ce zaren ba ya manta ɓangaren da aka murɗa shi, kuma S da Z sunayen ɓangarorin biyu ne. Idan duk bakunan injinka, wato wuraren da zare yake shiga, Z suke sha, dukkan madaukan saƙar gefe guda za su kwanta, ruwa yana taɓa su sai abin ya fito fili. Ka jera ƙullayen zaren bi da bi, wannan baki S, na kusa da shi Z.

Ɗan Kantin Kwari:
Abin da Baba ya faɗa haka yake. Zan ƙara da cewa masana'antun Surat a Indiya da na lardin Zhejiang a Sin, inda ake yin irin wannan zare da yawa, suna sayar da iri biyu: wanda ya bi ta wuta sau ɗaya, mai yawan talewa da murɗewa, da wanda aka sake gasawa karo na biyu don ya kwanta. Kafin ka biya kuɗi, ka zaro kamu biyu, ka haɗa bakinsa biyu a hankali ka bar tsakiyar tana lilo. Idan ya nannaɗe kansa da sauri, ka san abin da zai yi wa yadinka.

Jikar Mai Kaɗi:
Kada a rikita wannan da tufka ta gaskiya, wadda murɗinta yake zama a jikin zaren. Kakata da mazarinta takan matse zaren tsaye, ta sassauta abawa, kuma idan za ta haɗa biyu sai ta murza su ta ɓangaren da ya saɓa wa kaɗin farko, don kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Injinan tufka na zamani wannan dabarar suke bi, sai dai sandar injin tana juyawa sau ɗaya ta ba zaren murɗi biyu. Irin wannan zare ba ya karkatar da yadi, amma ya fi tsada da nauyi, kuma ban ga dalilin kashe masa kuɗi a kan rigar wasan yara ba.

Mai Injin Saƙa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada kamar yadda Alhaji na Kantin Kwari ya ce, zaren kuwa ya nannaɗe kamar igiya. Saura kwali shida na Z a shagona, gobe zan shiga kasuwa neman S mai lamba ɗaya da su.